Ciwona a Jiki, Naku a Jini

Ranar da aka fasa auren Auta, uwarta tana tsugune a shago da allurai a baki, tana kafa bakin rigar da yarinyar za ta sa a bikin. Auta ta shigo ba ko sallama, ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta kife waya a cinya.

"Umma, ki bar ɗinkin nan haka. Sun ce sun fasa."

Anti Tela, kamar yadda kowa a layin yake kiranta, ta zare allurai daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a hannun rigarta, sannan ta ce, "Su wa?"

"Mamarsa. Shi ma bai musa ba. Kuka kawai yake yi a waya, sai ka ce shi aka yi wa."

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Kekunan ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka da ya sha almakashi har ya yi zane-zane, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa. A nan Anti Tela ta raini Auta tun da mijinta, direban babbar mota, ya rasu da ciwon hanji bai ko kai arba'in da biyar ba. Yarinyar ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Babanta ne ya sa mata Auta don wasa, yana cewa in wani ya zo sai a canza, kuma ba wanda ya zo.

Wanda zai aure ta malamin lissafi ne a makarantar da take koyar da ƙananan yara. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. An gama magana, an sa rana, sai ga wannan.

Ba a daɗe ba dalilin ya fito, don magana irin wannan ba ta zama a ɗaki. Gwaggo ce, yayar marigayin, ta yi kwalliya ta tafi takanas gidan su Malam ta zauna da mahaifiyarsa. Wata maƙwabciya da ke wurin ta kawo wa Anti Tela zancen yadda ya fito daga bakinta.

"Ni dai nauyi na zo saukewa," in ji Gwaggo. "Uwar ta sha wuƙa, nono guda aka cire mata. Kuma irin wannan abin a jini yake, daga uwa sai 'ya, daga 'ya sai jika. In kuna da ƙarfin jinya, to Allah ya ba da sa'a."

Maganar wuƙar gaskiya ce. 'Yan shekarun baya an samu ciwon daji a nonon Anti Tela na hagu, aka yi mata tiyata, ta sha maganin da ya zubar mata da gashi har gira. Ta tashi. Ta ɗinka wa kanta ɗan matashi na auduga tana cusawa a rigar ciki, har takan yi wa masu zuwa awo barkwanci cewa ita kaɗai ce matar da ke cire nono ta wanke ta shanya. A duk tsawon jinyar nan Gwaggo sau ɗaya ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hanci.

Laifin Auta kuwa bai wuce cewa Gwaggo a waje ta fara jin maganar auren ba. Ita da take ganin ita ce uban yarinyar tun da ƙaninta ya kwanta dama, a ce sai a bakin mutane za ta ji? Dama can ba ta taɓa son matar ƙanin nata ba. Har gobe tana cewa sakacinta ne ya kashe shi.

Anti Tela ba ta je gidan Gwaggo ba, ba ta kira ta ba. Ta ninke rigar da allurai a jikinta ta tura ƙarƙashin teburi. Abin da ya fi cin ta ba baƙin cikin ba ne, tsoro ne. In fa matar nan gaskiya ta faɗa? In fa ita ce ta shayar da 'yarta ciwo?

Da ranar ganin likitarta ta zagayo, ba ta bari an gama auna ta ba ta jefa tambayar.

"Likita, don Allah ki gaya mini tsakani da Allah. Na shafa wa 'yata?"

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, mai saurin magana, amma ranar sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Anti, kin tuna bayan tiyata mun ɗebi jininki ban da gwajin ƙarin da aka cire? To ga dalili. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ɗauke da tsarin da aka gina mutum a kai. Wani lokaci tsarin yakan lalace a ƙwaya ɗaya, bayan an haifi mutum ya girma. Ƙwayar ta yi ta hayayyafa da lalacewar, ta zama ƙari. Naki ke nan. Mun ga lalacewar a cikin ƙarin, muka duba jininki ba mu gan ta ba. A wuri ɗaya ta faru, ba ta shiga ƙwan da ya zama Auta ba. Kamar ki ƙona riga da dutsen guga ne. Rigar ta ƙone, amma sauran yadin da ke kan teburi lafiyarsa ƙalau."

"To wanda ake gado fa?"

"Shi tun daga ƙwan uwa ko irin uba yake zuwa. Da shi ake fara mutum, saboda haka yana ko'ina a jikinsa, a jini, a fata, har a irin da zai haifar da nasa 'ya'yan. Kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Naki ba irin wannan ba ne. Auta za ta kula da kanta kamar kowace mace, amma ba ki ba ta komai ba."

Anti Tela ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya sauka. Har ta fara laluben takalminta, sai likitar ta ce, "Babanta fa, yana nan?"

"Ya rasu. A asibitin nan ma aka yi masa aiki. Hanji ne."

"Yana da shekara nawa?"

Ta faɗa mata. Likitar ta cire tabarau.

"A danginsa akwai wanda ya yi irinsa?"

Anti Tela ta shiga tuno su ɗaya bayan ɗaya. Surukinta ba ta riske shi ba, amma ta ji ana cewa ciki ne ya kumbura masa yana tsakiyar ƙarfinsa, ya yi ta zubar da jini har ya tafi. Akwai kuma ƙanwar surukin, wadda aka ce mahaifa ce ta ruɓe mata. Su a gidan ba sa haɗa waɗannan mace-macen wuri ɗaya. Na uban sun ce sammu ne, na ƙanwarsa sun ce haihuwa ce, na direban kuma sun ce matarsa ce.

"Anti," in ji likitar a hankali, "ba ɓangarenki ne ke damuna ba. Nasu ne."

Ashe asibiti yakan ajiye ɗan yanki na naman duk wanda aka yi wa irin wannan tiyata, a daskare cikin kakin zuma, shekara da shekaru. Aka nemo na direban. Anti Tela ta sa hannu aka gwada, aka samu lalacewar a cikin ƙarin, aka kuma same ta a lafiyayyen naman da ke gefensa. Da ita aka haife shi. Sai aka ɗebi jinin Auta.

Zaman jiran nan Anti Tela ba ta taɓa yin irinsa ba, ko lokacin nata ciwon. Ta ɓata wa mutane ɗinki, ta haɗa hannun riga a baibai, ta yanka yadin wata mata gajere. Da aka kira su, likitar tun daga ƙofa take murmushi.

"Ba ta ɗauka ba. Kuma tun da ba ta da shi, 'ya'yanta ma ba za su same shi ta wajenta ba. A kanta ya tsaya."

Auta ta kifa kai a kafaɗar uwarta tana kuka. Likitar ta bari suka natsu, sannan ta ce, "Saura aiki ɗaya, kuma ku ne za ku yi shi, don ni ba ni da ikon kiran mutanen da ba su zo wurina ba. Marigayin yana da 'yan uwa?"

"Yayarsa," in ji Auta. "Tana da 'ya'ya uku."

"To ita ma rabi da rabi ce. In tana da shi, 'ya'yanta ma haka. Su zo a gwada su. Wanda aka samu da shi, za a riƙa leƙa hanjinsa da na'ura a kai a kai, in an ga ɗan tsiro a cire tun bai zama komai ba. Wannan ciwon in an riga shi, ana cin ƙarfinsa. Kada ku ja lokaci."

"Za a gaya musu," in ji Anti Tela.

A hanyar gida, cikin bas, ta ga fuskarta a gilashin taga tana murmushi, murmushin da ita kanta ba ta san shi ba. Daga uwa sai 'ya, daga 'ya sai jika. Ashe matar nan tarihin gidan ubanta take karantawa.

Auta ta ce za ta kira Dogo, babban ɗan Gwaggo, tun a ranar. Uwar ta hana.

"Wannan maganar manya ce. Ki bar mini, ni zan sami Gwaggonki."

Yarinyar ba ta ja ba. Garin ya riga ya fita daga ranta, kullum sai ta haɗu da Malam a ɗakin malamai yana sunkuyar da kai. Da ta samu gurbi a wata makaranta a wani gari, ta haɗa kayanta ta tafi. Uwar ta ce a kai wa gidan su Malam sakamakon gwajin, Auta ta ce ko da wasa. Namijin da bai iya buɗe baki ya tsaya mata ba, ba ta son sa ko an wanke shi da sabulu.

Bayan ta tafi takan tambaya a waya. "Umma, kin gaya musu?"

"Na gaya wa Gwaggonki. Ta ce ta ji."

Ƙarya ce. Anti Tela ta riƙe maganar kamar yadda ake riƙe sabon almakashi, ba a yanka takarda da shi, sai yadi mai tsada ya zo. Da safe in ta buɗe shago takan tuna tana da ita, sai ta ji ƙarfi a ƙafafunta. Damina ta shiga ta fita tana riƙe da ita.

Dogo kuwa ba ruwansa da rigimar uwarsa. Ma'aikacin lantarki ne, dogo kamar yadda sunan ya faɗa, mai yawan dariya. Ko bayan abin da ya faru bai daina biyowa ta shagon ba, ya gaishe ta, ya gyara abin da ya lalace. Wata rana da hantsi wutar shagon ta yi ta ɗaukewa, ta aika aka kira shi. Ya hau kan teburin yanka yana kwance makunni, rigarsa ta ɗage, sai ta ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ramin ma da ƙusa aka yi shi. Idon tela ba ya kuskuren ƙugu. Yaron ya zube.

Da ya sauko sai ya dafe gefen ciki ya ɗan tsaya a duƙe.

"Lafiya kuwa?"

"Ba komai, Anti. Basir ne yake damuna kwanan nan. Na sayi magani a kemis."

Haka babansu Auta ya ce, da wannan kalmar, a duƙe kamar haka, a bakin ƙofar ɗakinsu. Saura kaɗan ta gaya masa. Ta buɗe baki.

"Af, na manta ban gaya miki ba," in ji Dogo yana naɗe waya, fuskarsa ta washe. "An sa mana rana. 'Yar gidan Manaja. Mama sai rawar kai take, ta ce duk garin nan sai an san ta aurar da ɗa. Na ce wa mamar yarinyar ta kawo miki ɗinkinta, ba wanda ya kai ki."

Anti Tela ta rufe bakinta. Ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ta zuba masa ruwa ya sha, ta tsaya a ƙofa tana kallon bayansa har ya sha kwana. Ta gaya wa kanta 'yan makonni ba za su canza komai ba. Ta gaya wa kanta ai ba ita ta sa masa ba.

Matar Manaja ta zo ana saura kaɗan biki, da yadi kala uku a leda da ƙamshin turare da ya cika shagon. Mace ce mai jiki, mai son a san ta san abubuwa. Anti Tela ta zaunar da ita, ta yaba yadin, ta ɗauko tef. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu. Sai da ta zagaya tef ɗin a ƙugunta, suna fuska da fuska a gaban madubi, sannan ta ce cikin sanyin murya:

"Hajiya, ni dai nauyi zan sauke. Kin san mijina ƙanin uwar angon ne?"

"Na sani mana."

"Kin san abin da ya kashe shi? Da ubansu? Da ƙanwar ubansu?"

Ta faɗa mata komai, dalla-dalla, ba ƙari ba ragi, har da naman da aka ajiye a kakin zuma da rabi da rabin da likita ta ce. Ta gaya mata sunan sashen da za ta je ta tambaya in ba ta yarda ba. Ta ce ta dubi ƙugun angon da kyau in ya zo gaisuwa.

"Irin wannan abin a jini yake," ta ƙarasa tana rubuta awon a jikin yadin da alli. "Daga uwa sai ɗa, daga ɗa sai jika. In kuna da ƙarfin jinya, to Allah ya ba da sa'a."

Matar Manaja ta tattara yadinta ko ninkewa ba ta yi ba.

Gwaggo ta iso washegari da rana tsaka, lokacin da layin ya cika. Tun daga wurin mai takalma ake jin muryarta. Ta shigo mayafi a hannu, ta doki teburin yanka har almakashi ya faɗi.

"Ke! Muguwa, baƙar daga! Kin kashe mini ƙane bai ishe ki ba, sai kin kashe wa ɗana aure? Ke da aka yanke rabin ƙirjinki, ke ce za ki ce wani yana da ciwo?"

Mutane sun taru a ƙofa. Mai gyaran waya ya bar kantarsa. Anti Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta miƙe a hankali. Watanni take shirya wannan tsayuwar, kuma da ta zo sai ta ji ta fi yadda ta zata daɗi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ki zauna mana, kin sha rana."

"Uban wa zai zauna!"

"To ki tsaya ki ji. Nawa ciwon a jikina ya tsiro, a jikina ya tsaya. An gwada jinina, babu shi. Ranar da za a binne ni, da shi za a binne, ba wanda zai gaje shi. Naku kuwa da shi aka haife ku. Shi ya ɗauki babanku, ya ɗauki gwaggonku, ya ɗauki ƙaninki da kika ce ni na kashe. An gwada namansa, Yaya, yana nan a asibiti, ki je ki tambaya. 'Yata Allah ya tsallakar da ita, ba ta ɗauko kayan gidanku ba. Ke kuwa ban sani ba. Ɗanki ma ban sani ba, amma ki tambaye shi me yake gani in ya shiga bayi."

Gwaggo ta dafe teburin yankan. A fuskarta Anti Tela ta gane cewa ta riga ta san ɗanta yana zubar da jini, ta dai ɗauka basir ne ita ma.

"Kin je gidan mutane kin ce daga uwa sai 'ya," in ji Anti Tela. "Gaskiya kika faɗa. Gidan ne kawai kika yi kuskure."

Wata daga cikin masu kallo ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Gwaggo ta juya ta fita, ta bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa, sai mai gyaran waya ne ya bi ta da shi.

Ranar Anti Tela ta ci abinci har da ƙari. Ta jawo rigar Auta daga ƙarƙashin teburi, ta zare alluran da suka fara tsatsa, ta farke ta ta yi wa 'yar maƙwabta riguna biyu.

Dogo da kansa ya kai kansa asibiti. Aka samu yana da shi a jini. Aka leƙa hanjin, aka tarar abin ya wuce tsiro, ya zama ƙari, har ya fara taɓa gefe. Aka yanke masa hanji mai tsawo, aka ce sai ya sha irin maganin da ya zubar wa Anti Tela da gashi. Likitocin sun ce akwai fata sosai, amma da ya zo da wuri da ba a kai ga wuƙa ba.

Auta ta ji daga bakin Dogo. Ta kira uwarta, muryarta ba kuka ba faɗa.

"Umma, yaushe kika gaya wa Gwaggo?"

Kafin Anti Tela ta haɗa wata ƙaryar, Auta ta ci gaba.

"Ya ce ya zo shago kin gan shi yana dafe ciki. Ya ce har ruwa kika ba shi."

"Ke aka yi wa, Auta. Saboda ke na yi."

"Ni na ce ki yi? Shi ya goya ni ya kai ni makaranta ranar da Baba ya kasa tashi. Me ya yi miki?"

"Uwarsa..."

"Shi nake tambaya, Umma."

Anti Tela ba ta nemi gafara ba. Ta ce, "Ba don na yi magana ba da har yanzu maganin basir yake sha." Auta ta ce, "Haka ne," ta kashe wayar. Hutu ya zo ba ta dawo gida ba. Takan turo gaisuwa a rubuce, gajeriya, irin wadda ake tura wa shugaban wurin aiki.

Auren Dogo an ɗage shi ba rana. Sai dai abin da ya ba Anti Tela haushi shi ne 'yar gidan Manajan ta ƙi bin uwarta. Kullum tana asibiti da kwanon abinci, ta ce ita ta ji ta gani, in sun haihu a gwada yaran in sun girma. Duk lokacin da aka kawo wa Anti Tela wannan labari sai ta tuna Malam yana kuka a waya, ta ji kamar ta je ta shaƙe shi.

Tun da ɗan yana da shi, ba a buƙaci dogon bincike ba a gane ta inda ya biyo. Gwajin Gwaggo ya tabbatar. Cikin 'ya'yanta mata biyu, ɗaya ta ɗauka, ɗaya ta tsira.

Sun haɗu a barandar asibiti, ranar da Anti Tela ta je a duba ta. Benci ɗaya ne ke da wuri, kuma a ƙarshensa Gwaggo ce zaune ita kaɗai da jaka a cinya, ta rame, ba jan baki ba sarƙa. An ga wani abu a mahaifarta, ranar za a ɗebi yanki a gwada. Anti Tela ta tsaya kamar za ta wuce, sai ta ga don me za ta tsaya a tsaye saboda wannan matar. Ta zauna.

Ana ta tura marasa lafiya a keke ana wucewa, wani yana goge ƙasa da ruwan magani.

"Kin ji daɗi?" in ji Gwaggo, ba ta juyo ba.

"Na ji."

"Har yanzu?"

Anti Tela ta yi tunani da gaske kafin ta amsa. "Na Dogo ban ji ba. Naki ina ji."

Gwaggo ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Can ta ce, "'Yarki tana kirana. Ita ta tura ni na zo yau."

Wannan Anti Tela ba ta sani ba. Ya soke ta fiye da duk zagin da aka yi mata a shago, amma ba ta bari ya fito a fuskarta ba.

Wata nas ta leƙo ta kira Gwaggo. Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. Nas ɗin ta karɓi jakar daga hannunta, ta waiga, ta miƙa wa Anti Tela.

"Mama, ke 'yar uwarta ce ko? Riƙe mata, ba a shiga da kaya."

"Ba jininmu ɗaya ba," in ji Anti Tela da ƙarfi, yadda wadda ake shiga da ita za ta ji.

Nas ɗin ta riga ta sakar mata jakar a cinya ta ja ƙofa. Anti Tela ta dube ta. Tsohuwar jaka ce, zip ɗin ya mutu an ɗaure shi da zare. Aka kira ta a ɗaya ɗakin, ta ce a ba na bayanta ya shiga. Ta zauna da jakar a cinya tana jira a fito da mai ita, don akwai sauran maganar da take so ta gaya mata.